Yatsan Kofur Wada

Aziziyya, Makka
Ramadan, 1437

Zuwa ga Yaya Batulu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Awwalu da iyalinsa. Yaya ibada, yaya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi, ya karɓi ibadunmu. Mun ji Mariama ta sauka lafiya, Allah ya raya. Mu nan lafiya lau, sai zafi, har ruwan famfo ba ya taɓuwa da azahar.

Yaya, saƙonki ya iso, kuma ba zan ɓoye miki ba. Abin da aka gaya miki gaskiya ne, ƙaninki yana cin abinci da rana tsaka, a Makka, cikin Ramadan. Amma kafin ki kira shi ki wanke shi tas, ki ji yadda aka yi, don ni kaina har yanzu ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Kin san ciwon sugansa. Asibitin da yake zuwa sun buɗe shafi a intanet, mai ciwo ya huda yatsa da safe, ya auna jini, ya tura lambar ta waya, likita ya gani daga ofishinsa. Wata ma'aikaciyar jinya, Maryama, Bahausa haifaffiyar unguwar Zahir a nan Makka, Hausarta rabi Larabci, ita ta koya masa. To kin san mutumin naki, ya daɗe da barin soja amma sojan bai bar shi ba. Sai ya miƙe ya ƙame kafin ya danna, wai rahoto yake aika wa hafsa. Akwai gurbin da ake tambayar yadda mutum yake jin jikinsa, ko jiri na ɗibarsa amsar ɗaya ce: komai daidai. Lambar ce kawai ta ƙi rufa masa asiri, don dabinon da masu umara ke ba shi a ƙofar benen da yake gadi ba ya kwana. Likita ya ce idan lambar ba ta sauka kafin a ga wata ba, babu shi babu azumi. Maganar ta tsaya masa a rai, ya ce shi ba gadi ne ya kawo shi garin nan ba.

Sai ya tuna da Wada, kofur ɗinsa tun suna bataliya ɗaya, wanda yake gadi a benen da ke kallon namu. Siriri ne kamar tsinken tsire, bai taɓa taka asibiti ba. Wai a soja idan ɗan'uwanka ya gaza kai ke tsaya masa, ba a tambayar dalili. Wada ya miƙa yatsa. Yaya, lambar da ta fito ta ɗara ta maigidan.

Da wani ne, da ya ja abokinsa sun nufi likita. Shi kuwa sai ya hau Wada da faɗa, wai zai kunyata shi gaban hafsa. Ya hana shi shayi mai suga, ya hana shi dabino, shinkafa ma sai rabin faranti. Kullum bayan asuba ya sa shi zagaya bene, hagu-dama, hagu-dama, shi kuma yana kan kujera da kofin shayinsa yana ba da umarni. Da na tambaya sai ya ce Wada ne ke son rage tumbi. Wadan da ko tumbin aro ba shi da shi. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa su su biyun.

Lambar Wada kuwa, wadda yake turawa da sunan tasa ce, ta yi ta sauka. Likita ya rubuta yabo a shafin, Maryama ta bugo waya tana ta ma sha Allah ya ammi, wato baffana. Ƙaninki ya bi masu gadin layinmu ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu waya.

Ana saura kaɗan azumi aka kira shi asibiti, na raka shi, Wada ma ya biyo mu. Ashe akwai gwajin da ake ɗibar jini a hannu, yana tona abin da mutum ya yi watanni yana ci. Maryama ta dubi takarda, ta dubi kwamfuta, ta ce wallahi ya ammi wannan jini da wancan ba na mutum ɗaya ba ne. Maigidan ya ɗaga haɓa ya ce soja ba ya ba da mutuminsa. Bai rufe baki ba Wada ya zabura daga bakin ƙofa ya ƙame, ya ce shi ne, ranka ya daɗe. Likita ya yi dariya har da riƙe tebur, sannan ya murtuke ya ce da ya rage magani bisa waccan lambar, da yanzu wani zancen ake yi.

Aka auna Wada. Ashe ya daɗe da ciwon bai sani ba, amma horon da ya sha ya gyara shi sosai, har likita ya ce zai iya azumi idan ya kiyaye. Ƙaninki kuwa aka ce ya ciyar, kada ya kuskura.

Ranar farko ta azumi ya ƙi cin komai. Ya juya wa faranti baya, ya fuskanci bango. Ko ranar rasuwar Inna ban ga ya karaya haka ba, tsoro da tausayi suka kama ni. Da azahar sai ga Wada, leɓe a bushe da azumi. Ya ɗauki farantin ya dire a gabansa, ya ce, "Saje, tun muna samari nake bin umarninka ban taɓa tambaya ba. Yau ka bi nawa. In ba ka ci ba, ni ma ko an kira magariba ba zan sha ruwa ba." Ya ci, Yaya, hawaye na sauka cikin miyar. Tun ranar Wada ke zuwa kullum ya zauna gabansa da bakin azumi, ba ya tashi sai farantin ya ƙare.

Don haka idan kin kira shi, don Allah kada ki yi masa faɗa, kada kuma ki tsokane shi, na san hali. Ki tambaye shi kawai ko ya ci abinci.

A gaida Awwalu, da Fatsuma, da mai jego da jaririnta. Ina saka ku a addu'a duk ranar da na shiga Harami.

Taki a kullum,
Rakiya