Allurar Gejinka Ta Tashi, Yaya

Zuwa ga Yayana Lawwali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso ka ba. Masu bibiyata a waya ne za su gan ta. Su yi haƙuri, yau babu darasin gyaran inji, da yayana nake magana.

Inna tana lafiya, sai ciwon ƙafa. Garejinmu na Gummi yana nan, rumfar dai ta ƙara karkacewa. Akwatin kayan aikinka yana hannuna, har da gejin awon ƙarfin baƙin mai, mai tsagaggen gilashin nan da ka hana kowa taɓawa. A kansa nake son mu yi magana.

Kai ka koya mini cewa idan jar fitilar mai ta kama a katafila mai haƙa, abu biyu ne. Ko dai da gaske mai ba ya zagaya inji, ko kuma sensa ce ta lalace, ɗan ƙarfen nan da bai fi babban yatsa ba, take kai wa ƙwaƙwalwar mota labarin ƙarya. Ka ce a fara kashe inji. A zaro sandar awo a ga mai, a duba soket ko ya jiƙe, a bi waya ko ta goge a jikin ƙarfe. Daga nan a kwance sensar, a ɗaura geji a gurbinta, a tayar. Kullum maganarka ɗaya ce: "Hitila ba ta rantsuwa. Kak ka gaskata ta, kak ka ƙaryata ta, sai geji ya yi shaida."

Ka ishe mu da wannan magana har muna kwaikwayonka a bayan ido. Babu direban katafila daga Anka zuwa Bukkuyum da bai haddace ta ba. Wanda ya fi kowa riƙe ta shi ne Aminu, da ka taɓa kora daga kan kujera don ya tsinke wayar fitila ya ci gaba da aiki.

Da hanyoyi suka lalace da tsoron 'yan bindiga, 'yan kwangila suka kwashe motocinsu, sai ka ce za ka leƙa ramukan zinariya na bayan Bagega. Na yi maka dariya, na ce mutumin da tumbinsa ke maƙalewa a ƙarƙashin mota ina shi ina rami. Ka bar mini akwatin, ka ce can ba a neman sifana.

Da hantsi aka kira ni. Rami ya rufta da ku, kuna can cikin lungun da kuka haƙa ta gefe. Allah Ya taimaka akwai katafila tana aiki a kusa, kuma ka san Aminu ne a kanta. Ya fara kwashe ƙasa ke nan jar fitila ta kama, motar ta rage ƙarfi da kanta. Ya kashe ta.

Mutane sun yi masa ca. Wasu na roƙo, wasu na zagi, wani ya ɗaga masa shebur. Suka ce ya haɗa waya ya yaudari ƙwaƙwalwar, ai rai ya fi inji. Aminu yana kuka ya ce musu in da gaske babu mai, injin zai buga kafin ya kai rabin ramin, kuma babu wata katafila kusa da za a kawo. Ya duba sandar awo, mai a cike. Amma ka koya masa cewa cikar mai ba ta nuna famfo yana turawa. Geji yake nema, gejin kuwa yana Gummi a cikin akwatinka.

Na ɗaure akwatin a bayan mashin. Ka san hanyar, ka san inda ake tsayawa a jira labarin gaba kafin a wuce. Ban taɓa tsanar hanya kamar ranar ba. Da na iso rana ta karkata, mutane suna tonon ƙasa da shebur da kwanoni da hannu.

Na zare soket, na tarar mai ya tsattsafo ta cikin sensar, ya haɗu da ƙurar rami ya zama laka. Na kwance ta, na ɗaura gejinka. Aminu ya murza makulli. Allurar ta tashi tsaf, Yaya, ta tsaya inda kake so ta tsaya. Ya ba ta wuta, ta ƙara sama. Babu abin da ya sami injin tun safe. Na ɗaura wata tsohuwar sensa daga akwatinka, aiki ya ci gaba.

Mun fito da mutum biyu da rai. Kai jikinka bai gama sanyi ba.

Na daɗe ina neman wanda zan ɗora wa laifi, ban samu ba. Bara a Adabka wata katafila tana haƙa tafki fitilarta ta kama, kowa ya ce sensa ce. Na ɗaura geji, allura ko motsi ba ta yi ba, famfon ya mutu. Dokarka gaskiya ce, shi ya sa take ƙona mini rai. Aminu bai sake hawa katafila ba, yanzu gero yake saye da sayarwa. In ya hango ni sai ya sauya hanya.

Inna har yau takan tambaye ni, "Mi yah hana motag ga tashi?" Sai in ce mata ƙaddara ce. Ba ta karatun waya, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan kada ya kai mata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, ranar kasuwar Bukkuyum na gamu da Isuhu, Bakatsinen nan da aka ciro daga kusa da kai. Ya ce kuna jin rugugin katafilar ta cikin ƙasa, har ta yi shiru. Sauran suka fara salati suna kuka. Kai kuma, da dutse a kan ƙirjinka, ka ce musu ka saurari injin tun tashinsa, kukansa ba na mai neman mai ba ne. Ka ce, "Lahiya lau yake, sensa ce. Amma Aminu ba shi tada shi sai geji ya zo. Ku rage magana, ƙanena na bisa hanya."

Ina bisa hanya, Yaya. Wallahi ina bisa hanya.

Allah Ya jiƙanka, Ya karɓi shahadarka, Ya sa ƙasar da aka mayar da kai cikinta ta yi maka sauƙin da waccan ba ta yi ba. Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya sauke wa Aminu abin da yake ɗauke da shi. Amin.

Ƙanenka mai riƙon akwatinka,
Sanusi, Gummi.