Gara Ta Cinye Tirelar Bature

Talata da dare, tsakiyar damina.

Yau Baturen da nake wa aikin kanikanci ya ce in duba tirelar da yake kwana a ciki in ya fita rangadi. Ya riga ni shiga, sai katakon ƙasa ya burma da shi har gwiwa. Gara ta cinye shi tas, fenti kawai ya rage.

Tun bazara na sa ƙafafun tirelar cikin gwangwanayen baƙin mai don kada gara ta hau. Shi da bakinsa ya sa Baba Audu mai lambu ya kwashe su, wai suna ɓata masa ciyawa. A gabana aka yi.

Bature ya fito da jini a ƙwauri, ya zari tsohon fambel na injin mota, ya rufe Baba da duka. Tsoho ya durƙusa yana kare kai, yana cewa, "Ranka ya daɗe, kai ka ce!" Bugu na uku ya fasa masa gira.

Shekara huɗu ina haɗiye zaginsa. Yau na cafke fambel ɗin. Ya fizga, na riƙe. Sifanar kwance noti tana ɗaya hannuna, kuma wallahi na so in kwaɗa masa ita. Na yar da ita, amma ban saki fambel ɗin ba sai da ya saki.

Ya ce kada hantsi ya same ni a gidansa na Nassarawa.

Ɗazu Baba ya leƙo, goshi ɗaure da tsumma, ya ce, "Ɗana, ka zubar da tuwonka saboda ni." Na ce ya kwantar da hankali, wani gareji a Tudun Wada na jirana. Babu garejin da ke jirana.