“To” ɗin Malam

Litinin, 3 ga Maris

Yau na shiga ɗakin gwajin Malam da katin kwamiti a wuya. A ɗakin nan na koyi riƙe kwalba ba tare da hannuna ya yi rawa ba, shi ya koya mini, shi ya duba digirina na uku har na gama. Yau kuma ni ce shugabar kwamitin da jami'a ta ɗora wa sa ido kan duk binciken da ya taɓa ƙwayoyin cuta. Da aka ba ni kujerar har murna na yi. Wanda ya ci ladan kuturu dai dole ya yi masa aski.

Akwatin gilashin da ake buɗe ƙwayar cuta a cikinsa ya daina zuƙe iska. Injin na ta gurnani kamar abin kirki, amma na kara ƴar takarda a bakinsa ko motsi ba ta yi ba. Abin da suke renawa a ciki kuwa ba abin wasa ba ne, ƙwayar nan ce mai sa shanu ɓari. Suna cire mata wani sashe na halittarta don ta raunana a yi allurar rigakafi da ita. Kafin ta raunana, shaƙa ɗaya ta isa ta kwantar da mutum.

Laraba, 5 ga Maris

Na same shi a ofis. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum, ya tambayi yara, na tambayi ƙafarsa. Na yi ta kewaye-kewaye har shayinsa ya huce, sannan na ce Malam, sai an dakatar da aikin har a gyara akwatin.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, “To.”

Na fito kamar an sauke mini dutse daga ka. Ashe abin da sauƙi haka.

Alhamis, 6 ga Maris

Taron kwamiti. Na shaida musu Malam ya amince. Lauyan jami'a ya so a kai masa umarnin a rubuce, na ce babu buƙata, mutumin da ya girme mu duka ba sai an bi shi da takarda ba. Lauyan nan ko gaisuwa ka yi masa sai ya nemi shaida.

Talata, 11 ga Maris

Mai gyara ya ce matatar iskar ce ta mutu, sai an yi odar wata daga waje. Yaushe za ta iso? Ya ɗaga kafaɗa.

Juma'a, 14 ga Maris

Na bi ta bayan ginin da rana don in gaje hanya. Fitilar ɗakin gwajin a kunne. Na leƙa ta gilashin ƙofa, sai ga Amarya, ɗalibar Malam ta digiri na uku, zaune gaban mataccen akwatin, hannayenta a ciki, faranti a buɗe. Bara ta yi aure, sunan ya bi ta har yau.

Na buga gilashin har tafina ya yi zafi. Ta fito tana murmushi, ta ce ai Malam bai ce su tsaya ba. Ko labarin akwatin ba ta ji ba.

Ban san yadda na hau bene ba. Na ce Malam, ba mun yi magana ba? Ko ɗago kai bai yi ba.

“Na ce miki zan tsaya? Cewa na yi to. Kin faɗa, na ji.”

Sannan ya yi mini karatu: ya yi aiki da wannan ƙwaya tun ba a san akwatin gilashi ba, ga shi nan da ransa. Ƙarshen shekara zai yi ritaya. In aka tsaya yanzu irin da suka rena zai lalace, kuma ba shi da sauran shekarun da zai faro daga farko. Gaskiya ce wannan, ita ta fi ci mini rai.

Na ce to. Ni ma. Na fito.

Asabar, 15 ga Maris

Baban yara ya yi mini dariya, wai ni da na tashi a gidan dattawa ban san to ɗin babba ba? Babba in ya ce wa yaro to, sallamarsa ya yi. Na ce dariyar ta ishe shi haka. Haushina shi ne na sani, na sani sarai. Kunnena ne ya ji abin da yake so.

Litinin, 17 ga Maris

Na rubuta umarnin rufewa, ban sa hannu ba. Na aika wa Amarya ta daina shiga ɗakin. Ta ce to.

Alhamis, 20 ga Maris

Mataimakin shugaban jami'a ya kira ni. A bi a hankali, Malam uban kowa ne, kada a kunyata dattijo a ƙarshen aikinsa. Amma fa in wani abu ya faru, kwamiti ne zai amsa. Wato ni. Gaba kura baya sayaki.

A bangon ofishinsa akwai allo mai cewa rigakafi ya fi magani. Mu muka buga shi muka raba.

Talata, 25 ga Maris

Amarya na asibitin jami'a. Zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, gumi, ciwon gaɓoɓi. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro bai ji ba.

Likitar ta ja ni gefe ta tambaya ko kwamiti ya san yarinyar na da ciki. Na ce wane ciki? Ya yi wata huɗu. Cikin fari ne, kunya ta hana ta faɗa wa kowa, balle Malam. Da manyan riguna take ɓoyewa, ni kuma na ɗauka ƙibar amarci ce.

Na zauna a kan bencin baranda. Ƙwayar da ke sa shanu ɓari. Na kasa daina maimaita shi.

Laraba, 26 ga Maris

Ban iya komai ba yau.

Juma'a, 28 ga Maris

Gwajin jini ya fito. Ƙwayar nan ce. Likita ta ce maganin da ya fi ƙarfi ba a ba mai ciki, za su lallaba da wanda ya samu, sauran sai addu'a.

Na shiga wajenta. Uwarta na gefen gado tana yi mata fifita, ta yi ta sa mini albarka wai na damu da ƴarta. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Amarya ta kama hannuna, tafinta kamar garwashi.

“Anti, don Allah kada a taɓa Malam saboda ni. Ni na ci gaba da shiga.”

Ko bayan na aika mata. Ba ta iya ce masa a'a ba, ni ma ba ta iya ce mini a'a ba. Duk tarbiyya ɗaya aka yi mana.

Litinin, 31 ga Maris

Na sa hannu. Da kaina na kai masa, a tsaye. Na karanta masa da baki don kada a ce ba a ji ba, na ce ina so ya faɗa mini ko zai ba da makulli ko ba zai bayar ba. Ya zaro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, bai miƙo mini ba.

Irin asali mun sa a firiza mun kulle. Waɗanda ke kan girma kuwa doka ta ce a ƙone su a tukunyar tururi. Ni na jera farantan. Kowane murfi da rubutun hannunsa, wannan rubutu mai kwanciya da ya sha cika mini gefen takardu da jan biro. Na rufe tukunyar na murɗa. A cikin takunkumi na yi kukana, ba wanda ya gani.

Alhamis, 3 ga Afrilu

A sashenmu wasu sun daina amsa gaisuwata. An ce na ci amanar wanda ya rene ni. Ba wanda ya je asibiti a cikin masu faɗar.

Zazzaɓin ya ɗan sauka. Cikin yana nan, zuwa yau dai.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun yi kiciɓis da Malam a kan matakala, yana saukowa da sandarsa. Na gaishe shi. Ya ce, “Lafiya lau, Dakta.” Tun da nake da shi bai taɓa kirana da wannan ba, ƴata yake cewa. Na matsa ya wuce.

Na jira abin ya soke ni. Ya soke ni, amma bai kai yadda na zata ba, kuma wannan ne ban so in rubuta.

Gobe akwai duba ɗakin gwajin sashen likitan dabbobi. Shugabansu ma ya koyar da ni a aji biyu. Na sayi kwaɗon kulle ƙofa a hanya, yana cikin jaka. Don ko da za a buƙata ne kawai.