Ɗan Ga-ruwan da Ka Ce Ba a San Sunansa Ba

Zuwa ga Yaya Sa'adu, wanda a Jidda ake kira Ustaz Sa'ad.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Mu ma nan Utaibiyya muna nan yadda ka bar mu, sai godiyar Allah. Gaisuwar nan na yi ta ne don haka aka koya mana a gida. Kada ka ɗauka na huce.

Ka toshe lambata, ka toshe ta mijina, shi ya sa na kawo maganar fili. Da gangan na rubuta da Hausa. Matarka da surukanka ba za su iya karantawa ba, kuma iyakar rufin asirin da ya rage maka a wurina ke nan. Kai kuwa za ka karanta tsaf, don tare muka koyi rubutun boko a Aziziyya, shekarun da muke yi wa alhazai tafinta a kantin magani. Masu bibiyar shafina ma za su gani, na sani. Su gani.

Shekara uku rabonka da gidan nan, alhali daga Jidda zuwa Makka jirgin ƙasa ba ya cika awa guda. Ban taɓa yi maka ƙorafi a kan wannan ba. Kullum Inna cewa take aiki ne ya yi maka yawa, ni kuma in yi shiru. Abin da ya faru a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, shi ne ya buɗe min baki.

Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi ce ta shigo da wayarta, tana murna, wai ga Sa'adu a bidiyo. Ga ka nan kuwa, farar riga kar, kati a wuya, kana yi wa 'yan yawon buɗe ido bayanin wani tsohon gidan attajirai da aka gyara a tsohuwar Jidda. Inna ta kawo wayar dab da idonta. Ba kai take kallo ba. A bayanka, jikin bango, akwai hoton wani saurayi da sanda a kafaɗa, garwa biyu na reto. Ta sa aka tsayar da bidiyon. Ta daɗe tana duba, sannan ta ce, “Wannan Malam ne.”

Ka san labarin ba sai na tuna maka ba, amma zan faɗa saboda masu karantawa. Baba yana yaro ya baro ƙasar Katsina da iyayensa, a ƙafa. Suka ratsa Chadi, suka zauna Sudan suna tsinkar auduga, suka hau jirgin ruwa daga Sawakin. Kakarmu ba ta ga Jidda ba, a hanya aka binne ta. Da ya tasa, sai ya zama ɗan ga-ruwa, wanda mutanen Jidda ke kira sagga. Gidan nan da kake nunawa, hawa huɗu ne, kuma shi yake hawa da ruwa har sama, safe da yamma. Daga baya ya koyi gini da dutsen da ake sarowa daga teku. A ɗakin ƙarƙashin matakalar gidan aka kai masa Inna amarya. A ɗakin aka haife ka. Har ya rasu akwai kanta a kafaɗarsa ta dama, muna yara muna danna ta muna dariya.

Inna ta ce ɗan maigidan ne ya dawo daga Masar da kyamara ya ɗauki hoton, kuma Baba bai taɓa ganinsa ba. Mu kuwa ba mu da hotonsa ko ɗaya sai na takardar ƙasa, wanda ya riga ya tsufa a ciki. Tun daga ranar ba ta bar ni na huta ba. Da safe Balad, da rana Balad. Na kira ka sau shida don in sanar da kai za mu zo, ba ka ɗauka ba. Na aika saƙo, ka karanta, ka yi shiru.

Ranar Asabar na ɗora ta a keken marasa lafiya, muka hau jirgi. Mun shiga ta Bab Makka, ƙofar tsohon garin, bayan la'asar, zafi bai gama sauka ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, wurin ya yi kyau. An share lunguna, an gyara tagogin katakon nan masu sassaƙa da ake kira roshan, wasu kore, wasu shuɗi. Ko'ina ƙamshin gahawa da turaren wuta. Baƙi na ta ɗaukar hoto a jikin ƙofofi, har da wata da ta jingina da bango tana shafa dutsen kamar kan jariri. Inna kuwa ba abin da aka gyara take gani ba. Nan wurin mai burodi ne. Nan ake sauke raƙuma. Nan 'yan ga-ruwa suke layi tun kafin rana ta fito. Wancan bangon ya taɓa tsagewa, Malam ne ya ɗinke shi, har dutse ya faɗo masa a ɗan yatsa. Ina tura ta tana lissafawa, muryarta ta koma ta yarinya.

Na yanki tikiti na shigar da Inna gidan da ta share shekara tara tana wanke wa tukwane. Ɗakin ƙarƙashin matakala yanzu shagon tsaraba ne, ana sayar da ƙananan roshan na roba da kofunan shayi. Ta leƙa, ta ce ashe ƙarami ne haka.

Hoton yana zauren ƙasa, cikin gilashi. Yaya, ka san Baba kyakkyawa ne? Dogo, siriri, yana kallon mai ɗaukar kamar yana jiran a gama ya wuce aikinsa. Goshinka ne sak. A ƙarƙashi an rubuta da Larabci da Turanci: ɗan ga-ruwa a Jidda ta dā. Shi ke nan. Inna ta ce in matsar da ita. Ta ɗora tafin hannu a gilashin, ta yi masa sallama a hankali.

Muna nan ka shigo, da mutane kusan ashirin a bayanka, 'yan Riyad ne yawancinsu, da ɗan lasifika a ƙugunka. Ka gan mu. Kada ka ce ba ka gan mu ba, don idona cikin idonka. Inna ta gyara mayafi, ta miƙe zaune a keken. Ni kuma na ja baya don in ba ka hanya. Wallahi na ɗauka za ka zo.

Ka wuce mu. Ka yi bayanin katakon da aka kawo daga Indiya. Ka yi bayanin yadda iska ke ratsa roshan ta sanyaya ɗaki. Ka faɗi sunan maigidan, da na ubansa, da na kakansa, da irin hajar da jiragensu ke ɗaukowa. Har sunan kuyangar da ta raini 'ya'yansu ka sani. Ka iya aikinka, wannan ba mai ƙwace maka. Sai wani dattijo cikin baƙin ya nuna hoton da sandarsa, ya tambaya wane ne wannan.

Da Larabci ka ba shi amsa, kuma Inna ta fi ka daɗewa da jin Larabci. Ka ce, “Wani ma'aikaci ne daga Afirka. Irinsu suna da yawa a lokacin, tarihi bai riƙe sunayensu ba.”

Ban taɓa jin Inna ta ɗaga murya a gaban maza ba sai ran nan. Ta ce, “Sunansa Idirisu ɗan Mamman. Mijina ne.”

Kowa ya juyo. Nan ne Allah ya ba ka dama ta biyu, a tafin hannu. Kalma ɗaya ta ishe ka. Sai ka yi murmushin nan naka na bidiyo, ka ce, “Masha Allah, ya Hajja, Allah ya ƙara lafiya.” Ka juya ga mai gadi ka ce a taimaka wa Hajja a gusar da kekenta, ya tare hanyar matakala. Sannan ka tafa hannu, ka ce yalla, mu hau sama.

Ya Hajja. Abin da ake ce wa kowace tsohuwa a bakin titi. Matar da ta haife ka taku goma daga inda kake tsaye.

Na buɗe baki zan faɗa wa mutanen nan ko kai wane ne. Da na faɗa, da Hausa da Larabci, da ƙarfin da za a ji har Bab Makka. Inna ce ta damƙe min wuyan hannu, farcenta ya shige ni, ta ce ƙasa-ƙasa, “Bara'atu, wurin cin abincinsa ne.” Ka ji wadda ka gusar. Kwana uku shatin farcen yana hannuna.

Ba kowa ne ya bi ka sama ba. Dattijon nan ya tsaya, ya sunkuya ya gaida Inna da girmamawa. Wata mata da ke kula da gidan ta fito daga ofis da littafi, ta durƙusa a gaban keken, ta yi ta tambaya tana rubutawa. Inna ta gaya mata komai: hanyar Sudan, ɗakin matakala, bangon da ya tsage. Da matar ta tambaya ko marigayin ya bar 'ya'ya, sai ta ce biyu, mace ga ta nan, namiji kuma yana aiki mai kyau, Allah ya yi masa albarka. Muna jin takunka a saman kanmu.

Da muka fito ta ce in kai ta bakin teku. Muka zauna, ruwan nan da ake harbawa sama yana tashi, yara na gudu, iyalai sun shimfiɗa darduma. Na sayo mata balila, dafaffen waken nan da ake sayarwa a kofi, ba ta taɓa ba. Ta kalli ruwa har aka kira magariba. Abu ɗaya ta ce: ka rame.

Washegari ka aiko min da saƙon murya, minti huɗu, duk da Larabci. Wai mun yi maka kwanton ɓauna. Wai ban san wahalar da ka sha kafin ka kai inda kake ba, ban san yadda ake kallon mai suna Hausawi ba. Ni za ka gaya wa? A garin nan nake, da fatar nan, da sunan nan, kuma kullum da shi nake fita. Bayan saƙon ka toshe ni. Bayan sati ɗaya direba ya kawo kwalin dabino da kwalbar zuma, ba ko takarda. Shekara biyu ke nan da likita ya hana Inna zaƙi saboda ciwon suga. Da kana kira da ka sani.

Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba.

Na san ka ga abin da ya biyo baya, don ta gaban hoton kake wucewa kullum. Matar nan mai kula da gidan ta kira ni, ta nemi takardun Baba, na aika mata. Sun canza rubutun. Yanzu a ƙarƙashin hoton an sa: Idris Muhammad Hausawi, ɗan ga-ruwa kuma magini, ya zauna a wannan gida. Hajiya Rabi ta ce tun daga lokacin, a bidiyoyinka, ta wancan gefen zauren kake tsayawa. Ka tsaya inda ka ga dama. Baƙi suna da ido, za su karanta ba sai ka faɗa musu ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na san wani Sa'adun. Ina aji uku, 'yan unguwa suka tare ni a hanyar makaranta suna kirana baiwa, suna jan min mayafi. Kai kaɗai ka shiga tsakiyarsu, su biyar. Ka dawo gida da baki jina-jina, haƙorinka na gaba ya ɓalle rabi, kana dariya, kana cewa ko gobe su sake. Baba ya yi maka faɗa a gabanmu, amma da ya shiga ɗaki na ji yana ce wa Inna yaron nan namiji ne. Na ga ka gyara haƙorin, ya yi kyau. Ni dai wancan mai guntun haƙorin nake nema, in kana da labarinsa.

To, ga dalilin wasiƙar. Jikin Inna ya sauka sosai tun dawowarmu. Ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, abinci sai cokali biyu, kuma likita ya kira ni gefe ya yi min maganar da ba sai na rubuta a nan ba. Mata suna ta zuwa dubiya. Duk wadda ta zauna, sai Inna ta ba ta labarin Balad. Ka san yadda take ba da shi? Wai da ka hango ta, sai ka bar baƙinka tsaye, ka zo ka durƙusa, ka sumbaci kanta, ka ce musu wannan ita ce uwata, wancan kuma ubana. Wai har dattijon Riyad ya yi hawaye. In ta gama sai ta juyo gare ni, ta ce, “Ko ba haka aka yi ba, Bara'atu?”

Sau goma sha ɗaya na ce haka aka yi. Matar da ban taɓa ji ta yi ƙarya ba, yau tana yi a bakin kabari saboda kai, ni kuma ina yi mata shaida.

Ban yafe maka ba, kuma ban san ranar da zan iya ba. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ka zo, Yaya. Ba sai ka zo da kowa ba, ba sai ka riƙo komai ba. In ka buga ƙofa zan buɗe, in shige kicin, ba sai ka gaishe ni ba. Ka durƙusa ka sumbaci kanta tun tana iya gane ka, ko rabin labarin nata ya zama gaskiya kafin ta je gaban Allah da shi.

Allah ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da mutane. Allah ya sassauta wa Inna, kada ya kama ta da abin da ƙauna ta sa ta faɗa. Kai kuma Allah ya juyo da zuciyarka tun da sauran lokaci, ya raba ka da nadamar da ba ta da magani. Ni ma ya cire min abin da ke ƙirjina. Amin.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Bara'atu Idirisu,
Utaibiyya, Makka.