Fatalwar Gidan Kabong

Kabong, Jos
12 ga Yuni, 1978

Zuwa ga matata Kubra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya ƙarfin jiki, yaya sanyin Kuru? Ki gaishe mini da Yaya Shu'aibu da iyalinsa. Ni ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san Kuru ba nisa, mota ɗaya ce. Amma kin ce kada in zo miki sai da makullin wani gida, ni kuma ban saba taka maganarki ba, shi ya sa na ba Isa direba wannan takarda.

Aiki yana nan. Oga Robert mai silimarmu ya samo wasu tsofaffin finafinai marasa kala daga Legas, duk na gidajen fatalwa, ya ce mu riƙa sa su ranar Laraba, a ɗan huta da Indiya da kaboyi. Da safe nake duba su a ɗakin inji, ina liƙe inda suka tsinke. Kubra, duk labarinsu ɗaya ne. Bature ya kwaso iyalinsa ya tare a wani ƙaton gida. Ƙofa ta buɗe da kanta, matakala ta yi ƙara ba mai takawa, daga baya a gano wani ya taɓa mutuwa a ciki kuma bai tafi ba. Sababbin masu kala da ake kawowa yanzu ma daga waɗannan suka koya, jini kawai aka ƙara musu. Kamar aikin telan Gangare ne, yadi ya canza amma yanka na nan.

Kin san mutanen Jos ba sa kallo baki rufe. Tun ƙofar farko suke yi wa Baturen ihu ya kwashe iyalinsa ya fita, wasu har da zagi. Da can ina shan dariya daga sama. Yanzu ba na yi.

Bari in faɗa miki abin da na kasa faɗa ran da kika haɗa kayanki. A finafinan nan, wanda ya mutu a gida, a gidan yake zama. Na san ƙarya ce. Da hannuna na sa Mariya a kabari. Amma a ɗakin nan ƙyanda ta ɗauke ta, kuma zuciyata ta ƙi daina tambayata: in ta leƙo ta tarar da baƙi fa?

Na rubuta sunanta, ki yi haƙuri. Kunyar 'yar fari ta hana mu kiransa tana raye, yau kuma ban ga abin da kunyar ta tsinana mana ba.

Mijinki mai kewarki,
Labaran

Kabong, Jos
6 ga Yuli, 1978

Kubra,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan ciwon kan ya sake ki.

Yaya Shu'aibu ya same ni a wurin aiki. Bai ɗaga murya ba, ya dai ce kafin a kama azumi, ko in nemo miki wani gida ko in ba ki takardarki. Ya ce ba kya iya ko jin sunan Kabong. Ban ga laifinsa ba, ban ga naki ba. Wallahi ba na son rabuwa da ke.

Abin da ke cina shi ne, gidan nan yana da duk abin da ake so. Tsohon gidan Baturen kuza ne, ga daɓen katako, ga murhu a bango, ga silin da iska ke kaɗawa. Da masu fim sun gan shi da sun yi murna. In ruwa ya tsuge, kwano ya yi ta kuka, katako ya amsa, sai in tsaya cak ina saurare. Daga ƙarshe ruwa ne kawai. Kowane Bature a silima yana samun fatalwar da bai roƙa ba, ni da nake roƙo ko tari ban ji ba. Har haushinsu nake ji.

Na daina kunna fitila, don na lura a fim fatalwa ba ta zuwa cikin haske. Ta bayan duwatsu nake fita nake dawowa, na gaji da masu ce mini sai haƙuri. In ba ni da aiki, sai in yafa farin gwadon nan naki, in tsaya a tagar ɗakinta har magariba. Takalmanta suna nan inda ta cire su. Liman ya ce waswasi ne, in yawaita istigfari, kuma ina yi.

Amma ga labari, Kubra. Isa ya ce mutanen unguwa sun daina bi ta gaban gidan. Matan da ke zuwa famfo sun ce suna ganin wani abu a taga. Na tambaye shi wace taga, ya ce ta wajen bishiyar gwaiba. Tagarta ke nan! Ban ƙara tambayarsa komai ba. Ashe tana nan, ni ne ba ta nuna wa kanta ba. Wataƙila ke take jira. Don Allah ki zo, ko na yini ɗaya ne.

Naki,
Labaran

Gangare, Jos
30 ga Yuli, 1978

Zuwa ga Kubra,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Ba ki amsa takardata ta baya ba, kuma kin kyauta.

Ran Lahadi waccan, bayan an tashi daga coci, maƙwabcinmu Baba Pwajok ya taho da fasto da wasu maza, har da masu sanduna. Sun ɗauka tun tafiyarki ni ma na tashi, tunda ba fitila, ba hayaƙi, ba mai shiga ta ƙofar gaba. Sun zo su yi addu'a a kan abin da ya addabi unguwa. Suka ture ƙofa, suka bi har ɗakin Mariya, suka same ni tsaye a taga cikin gwadonki.

Wani ya jefar da sandarsa ya arce. Mama Ana, matar Baba Pwajok, ita ta fara gane ni. Ta kira sunana, ta dafa bango ta fashe da kuka. Ta ce abin da suke gani ke nan, dogo, ramamme, mai gemu, cikin farin mayafi. Ba wanda ya taɓa ganin yarinya. Ita ta kawo mini madubi da kwanon gwate. Na dubi madubin, ban ga laifin wanda ya gudu ba.

Kubra, ranar na yi kukan da ban yi ba a makabarta. A ranar ne Mariya ta mutu mini da gaske.

Da Laraba ta zo na sa fim kamar kullum. Ƙofa ta buɗe da kanta, mutane suka ɗauki ihunsu, ka fita, ka fita, ga matarka can tana jiranka a mota. Na zauna bayan inji ina jin su, kamar silimar gaba ɗaya ta juyo tana kallona. Shekara da shekaru ina nuna finafinan nan ban lura ba, sai ranar: wanda ya ƙi fita ba ya samun mamacinsa, masu rai ɗin ma sai ya rasa su.

Isa ya samo mana ciki da falo a Gangare, kusa da masallaci. Daɓen siminti ne, ba ya ƙara, kuma hayaniyar maƙwabta ba za ta bar mutum ya saurari komai ba. Na yi aski. Kayanta na ba Mama Ana ta raba, ban da takalman, su na ajiye sai kin ce. Ran Juma'a in Allah ya yarda zan shigo Kuru da makullin. In kin karɓa, na gode wa Allah. In kin ƙi, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Abu ɗaya ba zan ɓoye miki ba. Da zan fito na rufe tagogi, na kulle ƙofar gaba, na miƙa wa mai gida makullinsa. Amma ƙofar ɗakinta na bar ta a buɗe. Na san ba kowa. Kin dai tuna ba ta son a rufe ta a ɗaki.

Mijinki,
Labaran