Kifin Katako Daga Madina

Baba,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya Inna da mutanen Yawuri? Ya ruwa bana?

Ina lafiya, alhamdulillahi. Ɗaukar kaya a filin jirgi ya ɗan taɓa min baya, amma kada Inna ta ji.

Alhaji Sanusi da ya zo umara zai kawo maka sandar fatsa da na haɗa da hannuna, da kifin katako mai ƙugiya. Na yi masa fenti kamar karfasa. Nan babu kogi, a bokiti na gwada shi. Na san za ka ce giwan ruwa ba wawa ba ne. Ka dai jefa.

Ko bai kama ba, ka kira ni, ka miƙa wayar kusa da kogi in ji ƙarar ruwan.

Ɗanka,
Khalilu