Ƙaya a Allon Alhaji

Malumfashi

Zuwa ga 'yata Rahila,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya zaman Ikko? Ni kam ƙafa sai lallaɓawa, gidan kuma shiru tun rasuwar mahaifiyarki.

Ɗanki Ishaya ya kusa gama karatun zane a Zariya. Malaminsu ya ce kowa ya nemo aikin gaske a gari kafin jarrabawa, don ya san halin masu ba da aiki. Da ya zo gida, Alhaji mai shagon bakin kasuwarmu ya ba shi allo ya rubuta "Kaya Masu Kyau". Garin ƙawata rubutu, Ishaya ya yi wa harafin farko lanƙwasa a ka, sai ya koma "Ƙaya Masu Kyau". Masu kawo auduga suka yi ta tambayar Alhaji nawa ne damin ƙaya. Na ce wa Ishaya mu da bulala muka koyi wannan lanƙwasar a makarantar mishan. Ya ce, "Tsoho, shi ya sa har yau kake ɗingishi."

Ya ba Alhaji haƙuri, ya gyara. Wani mai maɗaba'a a Funtuwa ya ga kyan hannunsa, ya ce ya zo ya kama aiki bayan jarrabawa. Na san kina so ya biyo ki Ikko, amma ki bar mini shi. Funtuwa kusa ce, zai riƙa leƙo ni ran Lahadi.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe da mutanen gida.

Mahaifinki,
Malam Yohanna